GARGAƊI: masu tsofaffin jif ku yi hattara da mai sayar da tiyon man giya a intanet

Salam jama'a. Dan Allah duk mai tsohuwar jif atomatik, musamman masu shiga daji da yashi da taɓo, ya daure ya karanta wannan, don abun da ya same ni bana fatan ya sami kowa. Akwai wani mutum da yake tallan abun da yake kira cikakken saitin gyaran yoyon man giya, tiyo biyu, kilif huɗu da wata 'yar kwalba wai ta toshe yoyo, yana rantsuwa orijina ne daga kamfani. Wallahi ƙarya yake. Tiyon ruwa yake sayar wa mutane da sunan tiyon man giya, ni da kaina na saya na ɗaura, saura ƙiris giyabos ɗina ya tafi gaba ɗaya.

Motata ta haura shekara 25, fo-wil ce, kuma ba ta hutawa. Na fara ganin ɗigon jan mai a ƙasa ta wajen gaba duk safiya, kaɗan kaɗan, sai na ɗauki hoto na saka a wani guruf na masu irin motar ina tambaya. Ko awa ɗaya ba a yi ba sai ga shi ya biyo ni ta inbos, yallaɓai kaza yallaɓai kaza, wai ya ga hoton, tiyon da ke kai man giya lagireto ne ya mutu, wai in ban canza a satin nan ba giya zata ƙone, kuma saiti biyu kacal suka rage masa. Ko ina man yake fitowa bai tambaye ni ba, ko shekarar motar bai tambaya ba, ni kuma tsoro ya hana ni lura da hakan. Na tura kuɗi, kaya suka iso, tiyon baƙi sumul mai kauri, ya shiga bakin fayif ɗin daidai, muka ɗaure.

Sati uku lafiya lau. A na huɗu ina cikin yashi da ƙaramar giya sai naji ina taka totur injin yana ihu amma mota bata ja, ga wani wari kamar ana ƙona roba, ga hayaƙi ta ƙarƙashi. Na kashe nan take na leƙa, tiyon ya suɓuce daga bakin fayif, man ya wanke ƙasan motar har kan salansa. Allah ne ya tsare bata kama wuta ba, don man giya in ya sauka kan salansa mai zafi yana iya kamawa. Da na taɓa tiyon sai naji ya kumbura ya yi laushi tamkar ka matsa soso. Kuma ku sani in wannan tiyo ya fita injin na aiki ba ɗiga man yake ba, famfon giyar ne yake feso shi, kusan lita ɗaya a sakan 20, kafin ka ankara babu mai a giyabos.

Bakanikena ne ya gano zancen. Ya goge jikin tiyon da tsumma ya juya shi a haske, sai ga wajen da aka kankare rubutu, amma an bar saura, ana iya karanta 20R3. Wannan lamba ta tiyon ruwan hita ce. Robar da ake yin irinsa da ita sunanta EPDM, tana jure ruwan zafi sosai amma bata shiri da mai ko kaɗan, mai yana shiga jikinta ta kumbura ta saki. Shi yasa damfarar take tafiya, ranar da ka ɗaura babu abun da zaka gani, sai bayan makonni, lokacin ya riga ya ci kuɗin ya goge baki. Tiyon man giya na gaske zaka ga an buga masa rubutu a jiki daga farko har ƙarshe, yawanci da lambar SAE J1532, an yi shi ne don mai da zafi da matsi. Akwai kuma masu ba ka tiyon fetur mai lamba 30R7 suce ai duk mai ne, shi ma kar ka yarda, mai kam yana jurewa amma ba don zafin man giya aka yi shi ba, yana bushewa ya tsage. Man giya a tafiya ta lafiya yana wajen digiri 80 zuwa 95 ne, amma in kana jan jiki a yashi ko hawan dutse a hankali, iska bata bugun lagireto, sai ya wuce 120 cikin sauƙi, a nan ne tiyon jabu yake nuna halinsa.

Abun da yafi ƙona min rai shine tun farko ma ba tiyon bane matsalar. Da muka zauna muka duba da kyau, fayif ɗin ƙarfen ne ya yi tsatsa a ƙarƙashin wani maƙalli inda taɓo yake taruwa ya riƙe danshi, ya yi ɗan huji kamar na allura, man yana bin jikin fayif yana gangarowa ya ɗiga ta wajen tiyo. Wato na cire lafiyayyen tiyo na saka na banza.

Don haka kafin ka sayi komai a hannun kowa, nemo inda yoyon yake da kanka, ba wani aiki bane. Wanke wajen tas da feshin wanke birki, ka bari ya bushe, ka barbaɗa farar hoda a kan layukan biyu tun daga giyabos har lagireto, ka tada injin ya ɗumama, hanbirki a ja, ka leƙa da tocila. Inda hodar ta fara jiƙewa daga SAMA nan ne, ba inda yake ɗiga ƙasa ba, mai yana da tafiya kuma iskar fanka tana watsa shi baya. Ka kula da hannunka da fanka da bel. Wuraren da suka fi yi: inda aka matse roba da ƙarfe daga kamfani, ƙarƙashin kilif, bakin da fayif ya shiga lagireto, da duk inda layin yake gogar shasi, don motar daji girgiza ce abincinta. A wasu motocin irin tsohuwar Jeep Cherokee mahaɗin na turawa ne mai 'yar zoben roba a ciki, zoben ne yake tsufa, tiyon lafiyarsa ƙalau.

Sannan ba duk jan mai bane na giya. Motoci da yawa, har da tsofaffin Toyota, man giyar atomatik ɗin (ATF) ake zubawa a fawa sitiyari, to sai ka duba tulun sitiyarin ko shi ne yake raguwa. Gejin man giya kuma a yawancin waɗannan motoci ana duba shi ne injin na aiki, ya yi zafi, mota a shimfiɗaɗɗen waje, ka zagaya da giyar duka ka dawo P. In ka zaro geji ka ga man ya zama ruwan hoda mai kauri kamar an dama da madara, kashe motar kar ka ƙara tafiya, wannan ba tiyo bane, bututun da ke cikin lagireto ne ya fashe ruwa ya haɗu da mai, an san 4Runner na 1996 zuwa 2002 da Pathfinder na 2005 zuwa 2010 da wannan ciwo, kuma ruwa yana ɓamɓare faifan kulocin da ke cikin giyabos. Babu saitin tiyon da zai gyara wannan, amma na tabbata mutumin nan zai sayar maka.

Ita kwalbar nan kuwa ban ma zuba ba, Allah ya taimake ni. Babu sunan kamfani babu bayanin abun da ke ciki. Ko na gaske ne ma irin wannan ruwan, sil ɗin roba (robar da ke tare mai kar ya fita) kawai yake kumburawa na ɗan lokaci, ba ya ɗinke tiyon da ya tsage ballantana ƙarfen da ya huje. Kilif ɗinsa ma masu ramuka ne masu kaifi, in ka ɗaure suna cin jikin robar. Nemi mai santsin ciki, kuma in har yanke fayif aka yi za a sa roba a gurbin, dole a ɗan buɗa bakin ƙarfen ya yi kumburi, in ba haka ba ko tiyon kirki ne zai zame in mai ya yi zafi. Girma ma a auna, mili 8 da mili 10 ba ɗaya bane, kar a ce kilif zai cike gibin.

In ka riga ka saya a wajensa kana kokwanto, yanki ɗan guntu ka jefa a kofin man giya ka ajiye kwana biyar ko sati, ka gwada da wanda bai shiga ba. In ya ƙara girma ya yi taushi to cire na jikin motar yau ɗin nan, kar ka jira.

Da na tura masa hoton tiyon da lambar, farko yace bakanikena ne bai iya aiki ba, sai yace wai man da na zuba ne jabu, da nace ya dawo min da kuɗina sai ya yi bulokin ɗina. Mutum biyu a guruf ɗin sun min magana daga baya, ɗaya irin nawa ya same shi, ɗayan ma ko kayan ba a aiko masa ba. Ban kama suna ba saboda ya riga ya canza sunan shafin sau biyu tun lokacin, amma salon ɗaya ne, yana fakon masu saka hoton ɗigon mai, ya biyo ta inbos, ya ƙi turo hoton rubutun jikin tiyo kusa kusa, kullum saiti biyu suka rage, kuma kuɗi kafin kaya. Ni dai an canza fayif ɗin ƙarfen an sa tiyon gaske an sake mai sau biyu, motar tana tafiya, amma har yanzu da safe in ta yi sanyi sai ta ɗan yi jinkiri kafin ta kama giya ta biyu, kuma da bata yi.