Dala 1,950 da kwamfutar mahaifina: ku yi hattara da mai cewa shi wakilin kamfanin gwanjo ne

Jama'a, yau kwana goma sha ɗaya ina rubuta wannan ina gogewa. Na gaji. Ko za a yi min dariya sai na faɗa. Dala 1,950. Ku sake karantawa, dala 1,950, da kuma kwamfutar mahaifina, Allah ya jiƙansa, wadda ta fi shekara talatin a kwalinta ba wanda ya taɓa ta, sai ni da na ɗauka da hannuna na naɗe ta da tsumma da soso na aika wa ɓarawo. Kuɗin jigilar ma ni na biya, kuma ban sa shi cikin wannan lissafin ba.

Kafin wani ya fara cewa "ai kwaɗayi ne ya kai ka", ka tsaya ka ji. Ni ba yaro ba ne. Ni ne nake hana ƙannena danna duk wani saƙon "ka ci kyauta". Ni ake kira a gidanmu in wani ya ga abin da bai gane ba a waya. Duk abin da mutumin nan ya faɗa min a makon farko sai da na bincika, kuma na same shi gaskiya. Abin da ke cin raina ke nan har yanzu. Bai fara da ƙarya ba.

Abin ya faro ne da hoto guda. Muna kwashe kayan Baba, na ci karo da Commodore 64 ɗinsa, irin mai ruwan ƙasa-ƙasa ɗin nan da kwamfutar take cikin allon madannan kanta, sai dai ka jona ta da talabijin. Da ita da na'urar kaset ɗinta da littafinta, har da wata ambulan mai ɗauke da tsofaffin takardun kuɗi na ƙasashe daban-daban da yake tarawa. Na ɗauki hoto na saka a wani zaure na masu sha'awar tsofaffin kaya, na tambaya ko irin wannan yana da daraja yanzu. Tambaya kawai na yi, ban ce zan sayar ba. Ko awa uku ba a yi ba ya shigo min ta saƙon sirri, da sallama cikakkiya, da Hausarsa tas, wai yana zaune a ƙasar waje, wai shi yake nemo wa wani kamfanin gwanjo kayan tarihi.

Ya ba ni labarin Apple-1, kwamfutar farko ta kamfanin Apple. Ya ce a 1976 aka yi ta, Steve Wozniak ne ya tsara ta, kusan guda 200 kawai aka haɗa, ana sayar da ita dala 666.66, kuma a 2014 an yi gwanjon guda ɗaya a kan dala 905,000, gidan tarihin Henry Ford a Amurka ya saya. Na duba, haka ne. Ya ce akwai takardar dala 1,000 ta Amurka ta shekarar 1890, wadda sifilan bayanta suke kama da kankana, an sayar da ita sama da dala miliyan 3 a 2014 ɗin dai. Na duba, haka ne. To in mutum ya faɗa maka abu biyar ka bincika ka ga duk gaskiya ne, na shidan me zai sa ka ƙaryata shi? Ku faɗa min tsakaninku da Allah.

Amma ba ma wannan ne ya kama ni ba. Kiran bidiyon ne. Ina ganinsa har yanzu in na rufe ido. Yana zaune gaban wani kanta cike da tsofaffin na'urori, ya ce in ɗaga takardun ɗaya bayan ɗaya kusa da kyamara. Da na ɗaga na Jamus, irin na 1923 masu miliyoyi da biliyoyi a jiki, ni har zuciyata ta fara bugawa, sai ya girgiza kai ya yi murmushi ya ce, "Malam, waɗannan ka adana su don tunawa da Baba. Ba su da kasuwa. A lokacin buga su ake kamar ganye, har dala ɗaya ta kai mak tiriliyan 4.2, wato kuɗin Jamus na lokacin. Duk wanda ya ce maka suna da tsada yaudararka zai yi." Sannan ya yi shiru kaɗan ya ce, "Allah ya jiƙan Baba, da ganin yadda ya adana kayan nan mutum ne mai tsari."

Nan na miƙa wuya. A raina na ce, ɗan damfara zai ce maka kayanka ba su da daraja? Ai shi zuga ka zai yi. Wannan ya faɗa min abin da ba na so in ji, don haka mai gaskiya ne. Haka na lissafa, kuma har gobe ina ganin lissafin mai hankali ne. "Ka adana su don tunawa da Baba." Wallahi kalmar nan ta fi kuɗin yi min ciwo. Da ita ya buɗe ni kamar gwangwani.

Daga nan sai ya koma kan kwamfutar. Ya sa na juya ta, na karanta masa lambar da ke ƙarƙashi, ya yi kamar yana duba wani abu a gefe, sai ya ce "subhanallahi" a hankali. Wai tawa cikin rukunin farko na 1982 take, wai irinta da kwali da littafi ba ta yin ƙasa da dala 18,000 a gwanjonsu mai zuwa. Ya ma ce kada in yi gaggawa, in yi shawara da iyali. Kun ji fa. Shi ne mai cewa kada in yi gaggawa.

Dala 250 na fara turawa, kuɗin tantancewa. Ya aiko min da takarda mai tambari da sa hannu da lambar rajista. Sai dala 600 na inshora, wai ba za su karɓi kaya mai wannan daraja ba inshora ba. A'a, tsaya, kafin inshorar ne aka yi maganar kuɗin Zimbabuwe. Ko bayan na aika kwamfutar ne? Bari in duba hirar... eh, tsakanin biyun ne, domin na tuna a ranar da na dawo daga wajen aika kwalin ya kira ni yana min barka, a cikin wannan kiran ya ɗauko ta. Takardar dala tiriliyan 100 ta Zimbabuwe, shuɗiya, mai sifili goma sha huɗu, da duwatsun nan da suka hau kan juna a gaba, a baya kuma ga gangaren ruwan Biktoriya da ɓauna. An fitar da ita farkon 2009, ba da jimawa ba ƙasar ta watsar da kuɗinta, masu tara kayan tarihi kuma suka yi caa a kanta. Wannan ma gaskiya ne, ta ainihin ana nemanta. Ya ce yana da guda goma sababbi fil, zai bar min a dala 700 saboda mun zama 'yan uwa, in na so ma a haɗa su cikin gwanjon su ninka. Ya haska ɗaya da fitilar gwajin kuɗi a gabana. Na tura dala 700.

Na ƙarshe dala 400, wai kwastan sun riƙe kwalin. Wannan kam da kirifto, wato kuɗin intanet, ya ce in tura, wai banki zai ɗauki kwana biyar kuma za a rufe karɓar kaya jibi. Na ɗan ji wani iri a nan, ba zan ɓoye ba. Na ce masa me ya sa ba za a cire daga kuɗin cinikin ba? Ya ce, "Haba Malam, mun zo bakin gaɓa kuma? Kayan Baba ne fa za su lalace a sito." Na tura. 250, 700, 600, 400. Dala 1,950. Na lissafa ya fi sau ɗari, ko sau ɗaya bai ragu ba.

Shigo-shigo ba zurfi ya yi min. Da ranar farko ya ce in kawo dala 1,950 da na toshe shi a take. Amma in ka riga ka saka 250, kana jin 600 ɗin kare 250 ɗin take yi. In kwamfutar ta riga ta bar hannunka, 400 ba komai ba ce. Kowane biya yana jan na gaba.

Takardun Zimbabuwen sun iso, abin mamaki. Ina ganin ya aiko su ne don in ƙara kwanciyar hankali kafin ya karɓi na kwastan. Na jera su a kan tebur ina kallo ina jin daɗi kamar wawa. Ɗiyata ce, 'yar shekara tara, ta leƙo ta ce, "Abba, me ya sa lambar wannan da wannan iri ɗaya ce?" Na karɓa na duba. Huɗu daga cikin goman lamba ɗaya suke ɗauke da ita, harafi da harafi. Na samo fitilar gwajin kuɗi na haska, takardar gaba ɗaya ta ɗau haske shuɗi fayau kamar takardar rubutu. Takardar kuɗi ta gaske, irin ta auduga, ba ta yin wannan ƙyallin. Bugun firinta ne aka yanka da kyau. Yarinya 'yar shekara tara ta gani cikin minti ɗaya, ni na yi kwana biyu ina shafa su.

Na kira shi a daren. Ya ɗauka, ya ce kuskure ne daga sito, zai gyara da safe. Da safe lambar ba ta shiga. Shafinsa ya yi ɓatan dabo. Na nemo kamfanin gwanjon da ya ce yana wa aiki, ta ainihin adireshinsu ba wanda ya ba ni ba, na rubuta musu. Ba zan ambaci sunansu ba don su ma sunansu aka ara. Suka amsa cewa ba su san shi ba, ba su da wakili mai wannan suna, kuma takardar da na tura musu ba tasu ba ce. Lambar bin sawun kwalin ta nuna an karɓe shi tun tuni, a wani wurin hayar akwatin saƙo. Wato lokacin da nake tura dala 400 don "kwastan su saki kaya", kwamfutar Baba tana hannunsa kwana shida.

Abin da ya ƙara ƙona min rai shi ne bayanin da na samu daga baya, kuma yana nan a fili tun farko, ni ne ban tambayi tambayar da ta dace ba. Na bincika ko Apple-1 tana da tsada, ban bincika ko tawa tana da tsada ba. Commodore 64 an sayar da sama da miliyan 12, tana cikin kwamfutocin da aka fi sayarwa a tarihi. Dubbai suna nan a ɗakunan ajiyar mutane, robarsu ta yi rawaya, wasu tsohuwar adaftarsu ta ƙona su. Apple-1 kuwa waɗanda suka rage ba su kai ɗari ba, kuma ita ce kayan farko na kamfanin da ya zama abin da ya zama. Tsufa kaɗai ba ya sa abu tsada. Sai ya yi ƙaranci, sai yana cikin kyakkyawan yanayi, sai an san asalinsa, sai kuma akwai masu rububinsa. Shi da bakinsa ya faɗa min wannan a kan kuɗin Jamus! Ya koya min ƙa'idar, sannan ya karya ta a kan kwamfutar ina kallo, ban lura ba. Tawa tana da 'yar darajarta wajen masu sha'awa, tunda da kwali da littafi, amma ba abin da ya yi kusa da dala 18,000. Kenan ko ita bai ɗauka don tsadarta ba. Ƙari ce kawai a kan dala 1,950. Kwamfutar da Baba ya koya min rubuta sunana a kanta, shi a wajensa ƙari ce.

Wani abokina ya ce min in yi shiru kada mutane su raina ni. Matata ba ta ce komai ba, wanda ya fi zagi ciwo. Ƙanena kuwa har yau bai san kwalin ya bar gidan ba, kuma shi ma yana da haƙƙi a ciki. Ban san ta inda zan fara masa ba.

Ku dai ji: wanda ya biyo ku ta saƙon sirri bayan kun saka hoto, ku toshe shi. Kamfanin gwanjo na gaske yawanci daga kuɗin ciniki yake cire kasonsa, kuma ku neme shi da kanku ta adireshinsa. Ku duba nawa aka sayar da irin kayanku, ba nawa ake talla ba. Takardar kuɗi mai tsada yawanci tana zuwa a rufe cikin robar kamfanin tantancewa, da maki tsakanin 1 da 70 da lambar da za ku iya dubawa. Kada kayanku su bar hannunku, kada ku tura kirifto.

Na kai ƙara, na ba da komai, an ce in jira. Hotunan hirarmu duka suna nan, guda 143, da rasit huɗu, da takardar bogin mai tambari, da hoton takardun nan huɗu masu lamba ɗaya. Zan saka su in na gama rufe adireshina da sunan ɗiyata, don har sunanta ya sani, yana tambayata ya makarantarta. Muryarsa ma ina da ita, inda yake cewa "ka adana su don tunawa da Baba." Na saurare ta jiya sau huɗu, ina neman inda muryar ta yi rawa ko sau ɗaya, inda ya kamata in gane. Babu. In akwai wanda mutumin nan ya taɓa yi wa magana, mai kanta cike da tsofaffin na'urori a bayansa da agogon bango da ba ya tafiya, don Allah ya neme ni. Kuɗin na san sun tafi. Kwamfutar nake so, akwai harafin sunan Baba da ya kankare da ƙusa a ƙarƙashinta, gefen hagu.

Allah ya isa tsakanina da shi.