Awa 17 a sama daga Perth zuwa Landan, ga yadda na ji

Jama'a bari in ba ku labarin jirgin nan da yake tashi daga Perth ta Ostareliya ya dire Landan bai sauka ko'ina ba, tunda tambaya ta yi yawa kan ko mutum zai iya jurewa. Nisan ya kai wajen kilomita 14,500, mu dai mun yi awa 17 da 'yan mintuna a sama. Kamfanin jiragen sama na Qantas ne ya buɗe hanyar a watan Maris na 2018 da Boeing 787 wanda ake ce wa Dreamliner.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne daren. Da maraice muka tashi, to da yake ɓangaren yamma muka nufa sai ya zama tare da duhun muke tafiya, na yi barci na farka na kalli fim biyu na sake kwanciya na tashi na leƙa taga har yanzu baƙi ƙirin, wallahi sai da na fara zargin agogona, gari bai waye ba sai da muka sauka filin jirgin Heathrow na Landan da asuba. Perth tana gaban Landan da awa 8 idan Ingila na cikin hunturu, shi ya sa lokacin da ke kan tikiti yake rikita mutum, sai ka ga kamar tafiyar awa 9 ko 10 ce alhali ba haka ba ne.

Dawowa kuma ta fi sauri, ba kuskure ba ne in ka ga an rubuta lokaci daban. Akwai iska mai ƙarfi can sama da take kaɗawa daga yamma zuwa gabas, in za ka Landan kuna kokawa da ita ne, in za ka koma Perth ita ke tura ku. Sannan in an rufe sararin samaniyar wata ƙasa dole a yi zagaye, lokaci ya ƙaru.

Jirgin kansa gaskiya na yaba. Iskar ciki ba ta busar da maƙogwaro kamar ta tsofaffin jirage, ban yi ciwon kan da na saba yi ba, tagar ma ba ta da murfi, maɓalli kake dannawa ta yi duhu. Ma'aikatan sun yi ta zagayawa da ruwa har tsakar dare.

Wahalar daga awa na 12 take farawa. Kuskurena shi ne na zaɓi kujerar taga, mutane biyu na gefena suna barci ni kuma ina jin nauyin tashinsu, haka na zauna har ƙafata ta kumbura takalmi ya ƙi shiga. Don Allah in za ka hau ɗauki kujerar bakin hanya, ka sa safa mai matse ƙafa, ka riƙa miƙewa kana takawa, zama mai tsawo irin wannan yana iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, ba abin wasa ba ne.

Zan sake hawa kuwa, don na taɓa bi ta Singafo na wuce awa 20 ga jiran jirgi na biyu ga fargabar kaya. Amma mai ƙananan yara ko dattijo mai ciwon gwiwa ni dai shawarata ya raba tafiyar biyu, ya sauka ya huta a hanya.