Kwafi ko jonawa? Abin da na gani a GPMC wajen kai dokoki daga wani sashe zuwa wani

Duk mai kula da Active Directory, tsarin Microsoft na sarrafa asusun mutane da kwamfutoci a wuri guda, ya san buƙatar da ke zuwa da zarar an buɗe sabon sashe a ma'aikata: a yi musu irin dokokin, wato saitunan, da ke kan kwamfutocin sashen kuɗi. Faɗarta ba wuya. Kayan aikin da Microsoft ya tanada don wannan, Group Policy Management Console, wanda kowa ke kira GPMC, yana da umarnin kwafi a fili, danna dama kawai ka gan shi. Na daɗe ina aiki da shi, kuma ra'ayina shi ne kwafin yana yin abin da ya yi alkawari, ba ragi ba ƙari. Sai dai a yawancin lokutan da hannu ke kaiwa gare shi, ba shi ake buƙata ba.

Dalilin yana cikin yadda aka gina abin tun zamanin Windows 2000. Kundin doka, wato GPO, ba a cikin sashe yake zaune ba. Yana can a ma'ajiyar domen, wato gungun kwamfutoci da asusun da ake sarrafawa tare, rabinsa cikin Active Directory, rabinsa cikin foldar SYSVOL, ƙarƙashin wata doguwar lamba da ake kira GUID. Abin da kake gani a ƙarƙashin sashe, wato OU, mai 'yar kibiya a jikin alamarsa, manuniya ce kawai zuwa ga kundin. Saboda haka kundi ɗaya yana iya yi wa sassa goma aiki. Ka danna dama a kan sabon sashen, ka zaɓi Link an Existing GPO, ka nuna wanda kake so, shi ke nan. Ko ka ja kundin da linzami ka sake shi a kan sashen, zai tambaye ka ko jonawa kake nufi. Gobe idan aka ce a rage lokacin da allo ke kulle kansa, wuri ɗaya za ka gyara, kowa ya samu.

Amma abin da ya sa jonawa ta yi daɗi shi ne kuma haɗarinta. Wanda ya buɗe kundin daga ƙarƙashin sabon sashe ya canza wani abu, ya canza wa duk sassan da ke jone da shi. GPMC yana gargaɗi kan wannan: ranar farko da ka danna manuniya, akwati zai fito ya gaya maka cewa duk gyaran da ka yi a nan zai shafi ko'ina aka jona kundin. A ƙasan akwatin akwai wurin da za ka ce kada a sake nuna maka. Kusan kowa yana danna shi tun ranar farko. Da ni za a tambaya, da ba a sa wannan zaɓin ba sam. Abin da nake yi kafin in taɓa kowane kundi shi ne in leƙa shafin Scope, in ga jerin wuraren da yake aiki.

To yaushe ne kwafi ya dace? Idan ka san sassan biyu za su raba hanya. Misali, sabon sashe yana son duk takunkumin sashen kuɗi, amma firintarsa daban, foldar da yake ajiye takardu daban, kuma an yarje masa filashi alhali an hana wa waɗancan. Ko kuma kana son gwada wani sauyi a kan 'yan kwamfutoci kafin ya kai ga jama'a. A nan kwafi ba shi da na biyu. Sai ka sauka zuwa Group Policy Objects, domin a can kaɗai ake kwafar kundi, ba a ƙarƙashin sashe ba. Ka kwafa, ka liƙa a kan wannan ma'ajiyar dai, sai ga sabon kundi da sunan tsohon, an sa masa Copy of a gaba, da sabuwar GUID tasa. Ka canza sunan nan take. Na sha tarar da domen da ke ɗauke da kwafin kwafi, ba wanda ya san dalilin yin sa, kuma ba mai ƙarfin halin gogewa.

Wajen liƙawar ne ake yi maka tambaya ɗaya tak, kuma ita ce ta fi komai muhimmanci: a ba sabon kundin izini irin na kowane sabon kundi, ko a bar masa izinin tsohon? Mutane suna wuce ta da sauri kamar ba komai. Ka ɗauka tsohon kundin an taƙaita shi ga rukunin ma'aikatan kuɗi kaɗai. Idan ka riƙe tsohon izini ka jona kwafin a sabon sashe, ba abin da zai faru, domin mutanen can ba sa cikin wancan rukuni. Za ka yi ta sabunta doka, shiru. Idan kuma ka zaɓi sabon izini, kundin ya koma kan Authenticated Users, ma'ana duk wani mutum da duk wata kwamfuta da ke sashen, har da waɗanda da gangan aka tsame a baya. Babu amsar da ta dace da kowane hali. Sai ka san abin da ke kan tsohon kafin ka amsa.

Akwai kuma wani abu da ya canza a watan Yunin 2016, da sabuntawar tsaro mai lamba MS16-072. Tun daga lokacin, kwamfuta ce ke ɗauko dokokin mai amfani da izininta, ba da izinin mutumin ba. Don haka idan ka cire Authenticated Users daga tacewar kundi, wato jerin waɗanda dokar za ta sauka a kansu, ka sa wani rukuni, dole ka koma shafin Delegation ka bar wa Authenticated Users ko Domain Computers, rukunin kwamfutocin domen, izinin karantawa. In ba haka ba, dokar ba za ta sauka ba. Tsofaffin kundayen da aka gina kafin wannan shekara, idan aka kwafe su da izininsu, sukan taho da wannan giɓin.

Abin da kwafi ba ya ɗaukowa shi ne duk abin da ke jikin manuniya. Sabon kundi yana fitowa ba a jone da ko'ina ba, kuma wannan daidai ne, na yaba da shi; ba ka so doka ta fara aiki kafin ka duba ta. Amma tilastawar nan ta Enforced, mai sa kundi ya rinjayi dokokin sassan da ke ƙasa, a jikin manuniya take, ba a kundin ba, haka ma lambar fifiko. Windows yana bin dokoki daki-daki: na kwamfutar kanta, sai na shiyya, sai na domen, sai na sassa daga babba zuwa ƙarami, kuma wanda ya zo ƙarshe shi ke rinjaye. A cikin sashe guda, mai lamba 1 ne ke da ta cewa, sabuwar manuniya kuwa ƙarshen layi take tsayawa. Ke nan kundi iri ɗaya sak yana iya yin nasara a wancan sashe ya sha kaye a wannan. Shafin Group Policy Inheritance na kowane sashe yana nuna jerin yadda yake, kuma yana cikin wuraren da GPMC ya fi burge ni.

Inda ya gaza a wurina shi ne ba ya san rabi. Ko ka ɗauki kundi gaba ɗaya, ko ka bar shi. Ba za ka ce ina son dokoki biyar daga wannan a zuba su cikin wancan ba. Wanda ya ga Import Settings, umarnin zubo dokoki daga ajiyar wani kundi, ya ɗauka haɗawa yake yi, ya yi hattara: share duk abin da ke cikin kundin da ake zubawa yake yi, ya maye da na ajiyar. Izinin kundin da wuraren da yake jone suna nan, amma dokokinsa na da sun tafi. Shi ya sa matakin farko na wannan aiki yake ba ka damar yin ajiya tukuna. Kada ka tsallake. Sauƙin da ake samu kawai a ɓangaren Preferences ne, inda ake saita abubuwa kamar firinta da faifan sadarwa, wanda ya shigo da Windows Server 2008. A can kana iya kwafar firinta ɗaya ko faifan sadarwa ɗaya daga wannan kundi ka liƙa a wancan, har ma ka ja shi zuwa fuskar kwamfuta, wato desktop, ya zama fayil na XML.

Na biyu, bayan an kwafa, zumunci ya yanke. Kundin ba ya tuna daga ina ya fito, kuma GPMC ba shi da wurin da za ka jera biyu ka ga bambancinsu. Bayan shekara guda, an gyara wannan an manta wancan, sai ka zauna da rahoto biyu kana bi layi-layi. Policy Analyzer, da ke cikin Security Compliance Toolkit, yana rage wannan wahala sosai, amma kaya ne daban da za ka sauko da shi. Ga manhajar da ta fito tun 2003, na so a ce yanzu kwatantawa tana cikinta.

Tsallaka domen kuwa wani babi ne. Sunayen rukunoni da adiresoshin foldoji na wancan gida ba su da ma'ana a wannan, don haka ake amfani da jadawalin fassara, fayil mai ƙarewa da migtable, inda za ka ce duk inda aka ga wannan rukuni a sa wancan. Yana aiki, kodayake editansa ya tsufa a ido. Tacewar WMI, mai zaɓar kwamfutocin da doka za ta sauka a kansu bisa siffofinsu, aba ce mai zaman kanta a domen, sai ka fitar da ita ka shigar daban. Abubuwan Preferences kuma da hannu nake bin su bayan an gama, musamman inda aka ce abu ya sauka kan wani rukuni kaɗai.

Akwai abubuwan da ko kwafi ko jonawa ba za su yi maka ba. Dokar tsawon kalmar sirri ta asusun domen daga saman domen take aiki. Ka jona ta a sashe, asusun cikin kwamfutocin ne kawai za ta shafa. Kundin da ke cike da dokokin mutane, ka jona shi a sashen da kwamfutoci ne zalla, ba zai motsa ba sai an kunna loopback, zaɓin da ke sa dokokin mutane na sashen kwamfuta su hau kan duk wanda ya shiga cikinta. Ita kuwa ma'ajiyar Computers da sababbin na'urori ke faɗawa, ba sashe ba ce, ba a jona mata komai.

Idan sassan suna da yawa, PowerShell nake komawa, inda ake rubuta umarni maimakon danna linzami. Tun Windows Server 2008 R2 akwai Copy-GPO da New-GPLink, kuma ƙara CopyAcl daidai yake da amsa tambayar nan ta izini da cewa a riƙe tsoho. Backup-GPO nake fara bugawa, sannan saura. Kwamfutoci suna ɗaukar sabuwar doka duk bayan minti 90, da ƙarin jinkiri da bai wuce minti 30 ba, amma ba sai ka jira ba: ka buga umarnin gpupdate a kan na'ura ɗaya ta sabon sashen ta ɗauki dokar nan take, sannan umarnin gpresult ya fitar maka da rahoto. A rahoton, jerin kundayen da aka hana sauka nake fara karantawa, domin a gefen kowanne an rubuta dalili.