Mai tsani, ta rataye, mai hawa da mutum ko sirdi: wace kujerar dakon barewa za ka saya da dala 300?

Ƙanena da ya yi tambaya daren jiya, ga amsarka, ka yi haƙuri da tsawonta. Ga waɗanda saƙon ya wuce su: ɗan'uwanmu yana zaune a jihar Pennsylvania ta Amurka, ya gama kwas ɗin da ake yi wa sabon mafarauci, ya karɓi lasisi, kuma wani abokin aikinsa ya ba shi izinin farauta a gonarsa. Dala 300 gare shi, yana fama da ciwon baya, yana neman kujerar da ake kafawa a kan bishiya a yi dakon barewa, mai sauƙin kuɗi, wadda mutum zai iya wuni a kanta. Ya ce in hali ya yi zai so ya leƙa dazukan gwamnati ma.

Ni ma tambaya ɗaya zan yi maka kafin mu shiga kasuwa: kujerar nan a daji za ta riƙa kwana, ko a bayanka za ta riƙa dawowa gida? Na tambaya ne saboda yawancin tsadar da ka gani a kasuwar nan kuɗin rage nauyi ne. Ƙarfe yana da araha amma akwai nauyi. Alminiyam ba nauyi amma akwai tsada. Wanda zai yi tafiyar mil guda cikin duhu da kujera a baya, dole ya biya kuɗin alminiyam. Wanda zai kafa ta sau ɗaya a gefen gonar masara ya bar ta har ƙarshen kaka, in ya biya wannan kuɗin ya sayi abin da ba zai mora ba.

Mu fara da mai tsani. Tsanin ƙarfe ne mai tsawon ƙafa 15 zuwa 20, a samansa mazauni da wurin ɗora ƙafa, ana jingina shi da bishiya a ɗaure. Mai ɗaukar mutum ɗaya ana samunta daga wajen dala 100 zuwa 250. Nauyinta yakan haura kilo 20, mai ɗaukar mutum biyu kuwa ta kusa ninka haka. Ba kayan saɓawa a kafaɗa ba ce. Amma hawanta hawan tsani ne kawai, wanda kowa ya iya tun yana yaro, kuma yawancinsu suna da ƙarfen da ke kewaye da kai ta gaba, ka ɗora bakin bindiga a kai, hankalinka kuma ya kwanta. Aibinta shi ne a wuri ɗaya take. Barewa da hanci take rayuwa. Ran da iska ta juya tana kwasar warinka zuwa inda suke fitowa, zaman ranar ya lalace, kuma ba ka da ikon matsawa zuwa wata bishiya.

Kusa da ita a farashi akwai ta rataye. Wannan ɗan dandamali ne da mazauni, ana ɗaure shi a jikin bishiya da bel ko sarƙa, ana isa gare shi da sandunan hawa, uku ko huɗu, da ake ɗaurawa ɗaya bisa ɗaya. A nan mutane suke ruɗuwa. Za ka ga ta ƙarfe a dala 60 ko 80 ka ce ka tsinci dami a kala, alhali ba a lissafa maka sanduna ba, kuma ba a gaya maka mazauninta bai fi faɗin littafi ba. Irinta na fara saya. Awa biyu ban cika ba ƙafafuna suka yi sanyi ƙalau, na shiga mutsu-mutsu ina gyara zama, wata barewa da ban ma san tana wurin ba ta yi huci ta ɗaga farar wutsiyarta ta bar ni da kallo. Araha ba ta ado. Akwai na rataye masu daɗin zama sosai, kamar na kamfanin Millennium masu mazaunin raga da majingina, sai dai in ka haɗa su da sanduna masu kyau kuɗinka ya ƙare ko ya gaza. Inda ta fi sauran shi ne ba ta zaɓen bishiya: karkatacciya, mai rassa, mai kauri, duk tana zama. Inda ta fi su wahala kuma shi ne ranar kafawa. Kana sama da ƙafa 15, kana tsaye a kan ɗan ƙarfe, igiyar ƙugu ce kaɗai ta riƙe ka, hannu ɗaya ya tallafe kujera ɗayan yana laluben bel ta bayan bishiya. Mai ciwon baya ya san abin da wannan murɗawar take haifarwa.

Sai mai hawa da mutum. Gida biyu ce, na zama da na ƙafa, kowanne da igiyar ƙarfe da ke zagaye bishiya. Ka ɗaga na sama ya ciji bishiya, ka dogara a kai, ka jawo na ƙasa da ƙafafunka, haka har ka kai inda kake so. Wanda ya taɓa ganin masu hawan kwakwar manja da igiya a kudancin Najeriya ya gane dabarar. Wadda aka fi sani ita ce Viper SD ta kamfanin Summit: nauyinta wajen kilo 9, tana ɗaukar mutum da kayansa har kilo 136, tana kama bishiya mai kaurin inci 8 zuwa 20. Gaskiya ba zan ɓoye maka ba, a daɗin zama babu kamarta a cikin huɗun nan. Mazauninta lilo ne mai soso, kana nutsewa ciki, ƙarfe ya kewaye ka. Mutane barci suke yi a ciki, wannan ma wani haɗari ne na daban. Amma sabuwarta ta haura dala 300, ba ka sayi komai ba bayanta. Kuma tana da zaɓe: miƙaƙƙiyar bishiya take so, wadda ba reshe ko ɗaya daga ƙasa har inda za ka tsaya. Mai santsin ɓawo tana sulɓewa, mai ɓawon da ke ɓanɓarewa ba amana, ranar da ƙanƙara ta lulluɓe itace kuwa sai a haƙura. Sau da yawa bishiyar da ke daidai kan hanyar barewa ba ta hawuwa, wadda ke hawuwa tana can nesa.

Na huɗu shi ne sirdi, abin da matasa ke yayi yanzu, irin na Tethrd da Trophyline. Ba kujera ba ce, majanyi ne da ke tallafe ɗuwawu, kana rataye a igiya kana fuskantar bishiya, ƙafafunka a kan ɗan faranti. Ba nauyi, kuma ga mai shiga can cikin daji babu abin da ya kai shi. In ka haɗa sirdi da igiyoyi da faranti da sanduna ka wuce dala 400 ko 500, kuma sai jiki ya saba, ƙugu da gwiwa suna kuka kafin nan. A shekararka ta farko ka bar shi.

Yanzu ga abin da ba za ka ji daga mai shago ba, wato salla. Lokacin farautar barewa da bindiga a jiharku yana buɗewa ranar Asabar da ke bin bikin Godiya (Thanksgiving) da Amurkawa ke yi a ƙarshen Nuwamba. A kwanakin nan rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 7, kafin ƙarfe 5 ta faɗi. Asuba ka yi ta kafin ka hau. Amma in wuni za ka yi, Azahar da La'asar a daji za su same ka, kuma tsakaninsu ba nisa. Mai tsani, minti ɗaya ka sauko, ka shimfiɗa abin salla a gindin bishiya, ka koma. Ta rataye ma kusan haka, da ɗan ƙarin kula. Mai hawa da mutum kuwa ba ta san saukowa kai kaɗai ba: duk kujerar ce ke saukowa tare da kai, tana kartar ɓawo, ka sake hawa da ita tana karta. Minti goma nan, goma can, ga ƙara, ga gumi, gumin kuma shi ne zai zama maka sanyi in ka zauna. Haka in bukatar kama ruwa ta taso. Haka kuma bayan harbi: ka yi bismilla ka saki, in ka tarar da dabbar da sauran rai yanka ya wajaba, don haka saurin saukowa ba ƙaramin abu ba ne gare mu.

Batun baya kuma, ba kaurin soso ne ke yin aiki ba. Soso yana lotsewa cikin awa guda, in ruwa ya jiƙa shi ya daskare. Mazaunin raga, irin saƙar gadon igiya, ya fi shi: yana bin jiki, ba ya riƙe ruwa. Ka duba abu uku da idonka. Akwai majingina, ko bishiya ce za ta zama majinginarka? Akwai ɗan ƙarfen miƙe ƙafa a gaban dandamali? Dandamalin yana da zurfin da za ka miƙe tsaye ka juya? Wasu masu tsani mafi araha wurin ƙafarsu bai wuce matakala ɗaya mai ɗan faɗi ba, mutum ba zai iya tashi ya miƙe baya ba. Gara ka ƙara dala 50 ka ɗauki mai cikakken dandamali da mazaunin da ke naɗewa sama. In ka sami zuwa babban shagon Cabela's da ke garin Hamburg na jiharku, ko baje kolin kayan farauta da ake yi a Harrisburg duk watan Fabrairu, ka zauna a kansu da rigar sanyinka a jiki, don mutum da kayan hunturu ya fi mutum da taguwa faɗi.

Dajin gwamnati yana da nasa dokoki. Hukumar namun dajin jihar tana da sama da eka miliyan 1.5 da kowa mai lasisi zai iya shiga. An yarda ka bar kujera a can, amma ba za ka kafa ta ba sai saura mako biyu a buɗe lokacin barewa na farko, kuma ka cire ta cikin mako biyu bayan rufe na ƙarshe, da alama a jikinta mai ɗauke da sunanka da adireshinka ko lambarka ta lasisi. Raunata bishiya laifi ne: ba ƙusa, ba matakalar da ake murɗawa cikin itace, ba sare reshe. Turakun da muke kafawa a jikin kuka a gida don hawa, a nan tara za su jawo maka. Ko a gonar abokinka, raunata bishiya sai da rubutaccen izininsa. Ban da doka kuma akwai ɓarayi. Kujerar da ta kwana a dajin kowa da kowa tana iya yin ƙafa. Shi ya sa masu farauta a can suke son abin da za su goya su dawo da shi.

Ga shawarata. Tunda kana da gona, ka sayi mai tsani ta mutum ɗaya, mai mazaunin raga da majingina, tsakanin dala 150 da 200. Ragowar kuɗin na tsaro ne. Kamfanonin da ke bin ƙa'idar TMA, ƙungiyar masu ƙera waɗannan kujeru, suna sa ɗamarar jiki, wadda ke riƙe mutum in ya faɗo, a cikin kwali, tana aiki, amma mai wuyar sawa ce a duhu, kuma abin da ke da wuyar sawa wata rana sai a bar shi a mota. Ka sayi wadda ake sawa kamar falmaran. Ka ƙara da doguwar igiyar tsaro mai ƙullin Prusik, wajen dala 40, wadda ake ɗaurewa sama da kai ta sauko har ƙasa: kana maƙale da ita tun kafin ƙafarka ta bar ƙasa, kana tura ƙullin sama kana hawa, in ka zame ya cije. Yawancin faɗuwa a hawa da sauka take faruwa, ba a zaune ba. Bindiga ba a hawa da ita a kafaɗa. Ka cire harsashi, ka ɗaure ta da siririyar igiya bakinta na kallon ƙasa, in ka zauna ka jawo ta. Dajin gwamnati kuma bana ka shige shi a ƙasa, ka jingina da gindin bishiya da rigarka da hularka masu ruwan lemo da doka ta wajabta, ka koyi hanyoyin dabbobin. In ya kama ranka, bayan an rufe farauta farashi yana sauka, lokacin ka nemi mai hawa da mutum.

In ta hannu za ka saya a Facebook, ƙarfen za ka saya, ba bel ba. Rana da ruwa suna cinye bel, kurege yana gwaguyarsa, bishiya kuma tana ƙara kauri ta ja shi har ya tsinke. Ka sa sababbi. Ka duba walda da tsatsa, musamman ƙafafun tsani inda ruwa ke kwanciya ya daskare ya fasa bututun. Ɗamara kuwa ba a sayen ta hannu.

Ranar kafawa ku je ku uku, kuma ba a fafe gora ranar tafiya: makonni kafin buɗewa, don barewa su saba da ganinta. Hawan farko, kafin a ɗaure saman, shi ne mafi haɗari a rayuwar mai tsani. Ku sa ƙarfen tokare na tsakiya, ku gicciya dogayen bel biyun ta bayan bishiya ku ɗaure a ƙasa, mutum biyu su riƙe, sannan na uku ya hau. Ka ɗaga kai ka dubi bishiyar sosai tukuna. Tun 2007 wani koren ƙwaro ya shigo jihar yana kashe itatuwan da ake kira ash, dazukanku cike suke da matattunsu a tsaye, kuma bayan ganye ya zube matacciya da mai rai kama suke yi. Ka zaɓi bishiyarka tun da sauran ganye a kanta, ko ka sa mai gonar ya nuna maka.