Winton da Liquitex Basics a hannun mai zane a Zariya

Fuskokin mutane nake zanawa, galibi na biki da na masu ritaya, kuma fenti biyu ne ba sa barin teburina: Winton na kamfanin Winsor & Newton, wanda fentin mai ne, da Liquitex Basics, akirilik, wato fenti mai saurin bushewa. Dukansu na ɗalibai ne, shi ya sa aljihu ke iya ɗaukarsu.

Akirilik yaro ne a sana'ar, don sai a tsakiyar shekarun 1950 Liquitex ya fito da irin wanda ake damawa da ruwa. Saurinsa ne abin so, shi ne kuma abin haushi. A hunturun Zariya, kafin ka gama haɗa launin kumatu, wanda ka matsa a faranti ya yi fata. Dole kwalbar fesa ruwa ta zauna kusa da kai. Ga shi idan ya bushe yakan ƙara duhu kaɗan, don haka launin fatar da ka gani a jiƙe ba shi za ka tarar ba. Amma idan aka ce maka ana son hoton ango ranar Asabar, ga shi yau Laraba, babu shawara, shi za ka ɗauka. Burushi kuwa ruwa da sabulu kawai, muddin ba ka bari ya daskare a kai ba.

A fuska dai na fi son Winton. Man linsid da aka haɗa fentin da shi ba ya bushewa kamar ruwa, iska yake sha a hankali, shi ya sa za ka bar goshin dattijo yau, gobe ka dawo ka ci gaba da narka haske cikin inuwa. Baƙar fatarmu tana da ja da shuɗi a ɓoye, kuma mai ne ke ba ni lokacin fito da su. Wahalarsa ƙura. Hoto na kwana da kwanaki a jiƙe, iskar hunturu na yi masa barbaɗe, sai ka juya fuskarsa ga bango. Ƙa'ida kuma a jira wata 6 kafin a shafa masa banish, shafin ƙarshe mai kare hoto (wane mai biki ne zai jira?). Wasu na wanke burushi da kananzir don sauƙi, ni warin ne ba na iyawa a ƙaramin ɗaki. Tsummokaran da suka sha linsid kuma kada a tara su a dunƙule, suna iya kama wuta da kansu.

Yanzu haɗa su nake yi: in yi shimfiɗa, babbar riga da bango, da siririn akirilik, ya bushe, sannan in hau fuska da hannaye da mai. Akasin haka ba ya yiwuwa, akirilik a kan mai ɓarewa yake yi.

Ɗalibin da kuɗinsa na abu ɗaya ne, ya fara da Basics: fari babba, sai ja, ɗorawa, shuɗi da ruwan ƙasa.