Hattara da injin wanka da ake sayarwa da sunan garambawul

Jama'a, wannan gargaɗi ne ga masu tayar da tsofaffin motoci a gida, musamman wanda aikinsa ya iso kan inji yana shawarar ko ya kwance nasa ko ya sayi wanda aka riga aka gyara. Akwai masu tallata inji a intanet da ma a fili, suna cewa an yi masa cikakken garambawul: sabon fistin, sabon ringi, sabon metal (siraran ɓawon ƙarfen da karanshaf ke juyawa a cikinsu), sabon gasket. A gaskiya da yawa daga cikin injinan nan ba a taɓa buɗe cikinsu ba. An wanke su da fetur ko sinadari, an fesa fenti, an sa sababbin filogi da sabuwar matatar mai don ido ya gani, shi ke nan. Kyan ɗan maciji ne.

Ba banza suke neman mai gyara a gida ba. Bakanike yakan ɗaura inji cikin kwana biyu ko uku, matsala ta fito tun ciniki bai huce ba. Shi kuwa mai aikin gida sai ya sayi inji ya lulluɓe shi a lungu, ya koma kan walda da fenti da birki, ba zai tayar da shi ba sai bayan wata huɗu ko shida. Kafin nan garantin kwana talatin ya wuce, wani lokacin lambar wayar ma ta daina shiga. In kuma an same su, amsar ɗaya ce: ai kai ka ɗaura da kanka, kai ka ɓata. Duk damfarar a kan wannan tazarar take tsaye. Saboda haka gwajin inji ranar da ya iso ake yin sa, ko ma kafin kuɗi ya bar hannu, ko da motar ba ta da taya tukuna.

Fara da fentin. Wanda ya kwance inji da gaske yakan wanke bulo, wato gangar jikin injin, tsirara, don haka ko ya fesa fenti bayan haɗawa, ba za ka ga datti a ƙarƙashinsa ba. Sa farce ko bakin sukudireba ka kankare lungun da ke bayan famfon ruwa ko ƙarƙashin inda sitata ke zama. In fenti ya ɓantaro tare da busasshen laka da maiƙo, to a kan datti aka fesa. Duba kawunan kusoshin kan silinda bayan ka cire murfin bawul: kusar da aka kwance aka sake ɗaurewa tana da sawun sifana, wadda ba a taɓa ba kuma tana cike da baƙar dauɗa har cikin kusurwoyinta. Duba kuma gefen gasket inda ya leƙo tsakanin kan silinda da bulo. Sabo yana da tsabta, gefensa a tsaye. Tsoho ya yi baƙi, ya sha fenti tare da ƙarfen. Wannan duk alama ce kawai, ba hujja ba, amma tana gaya maka ko ka ci gaba da bincike da zargi a zuciya.

Hujja tana cikin silinda. Cire filogi duka ka zura ƙaramar kyamarar nan mai igiya da ake haɗawa da waya. Silindar da aka yi wa aiki tana da zane-zane sirara masu gicciye juna a bangonta, kamar saƙar raga, sawun dutsen da aka goge ta da shi ke nan domin ringi ya zauna kuma mai ya samu wurin maƙalewa. In bangon yana sheƙi kamar madubi, ko akwai dogayen karce daga sama zuwa ƙasa, ko ka ga tudu a can sama inda ringi yake tsayawa, babu wanda ya taɓa wannan silinda. Saman fistin sabo fari ne tas, sau da yawa har kana iya karanta hatiminsa, STD (girman asali) ko 0.25 ko 0.50 (ƙarin faɗi a milimita). In mai sayarwa ya ce an faɗaɗa silinda da rabin milimita amma saman fistin ya yi baƙin ƙirin da gawayi, maganar ta ƙare. Ka kula da jiƙa kuma: in ka ga ɗanyen mai kwance a kan fistin ɗin injin da aka ce bai taɓa tashi ba, yana iya zama man haɗawa, yana kuma iya zama an ɗura shi ne don ya toshe ringin da ya cinye kafin a auna matsi.

Awon matsi, wato kwamfureshan, shi ne abin da 'yan algus ba sa son ji. A injin fetur, cire filogi duka, katse wuta da mai, buɗe totur gaba ɗaya, ɗaura ma'auni a ramin filogi, ka juya inji da sitata har allura ta daina hawa, kamar bugu biyar ko shida. Yawancin tsofaffin injinan fetur masu lafiya suna ba da tsakanin bar 9 zuwa 13 (bar ma'aunin matsi ne). Ƙasa da bar 7 ba lafiya. Amma abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne daidaito: kada mafi ƙanƙanta ta gaza mafi girma da fiye da kashi 10 cikin 100. Injin da yake a sanyaye zai ba da lamba ƙasa kaɗan, haka ma wanda sabon ringinsa bai gama zama ba, sai dai silindojin za su tafi tare. In ɗaya ta faɗi, zuba mata baƙin mai kamar mililita 5 ka sake aunawa. Ta tashi sosai, ringi ne ko bangon silinda. Ba ta motsa ba, bawul ne ko gasket. Biyu maƙwabta suka faɗi tare, kusan ko yaushe gasket ne ya ƙone a tsakaninsu.

In injin a ƙasa yake ba yadda za a ɗaura sitata, akwai gwajin yoyon iska. Ana kai fistin can sama a bugun matsi, bawul biyu a rufe, a hura iska ta ramin filogi, sai a kasa kunne. Iska ta fito ta inda kafireta ke zama, bawul ɗin shiga ne. Ta fito ta wajen salansa, bawul ɗin fita ne. Ta fito da ƙarfi ta bakin zuba mai, ringi ne. Ta fito ta hanyar ruwa, gasket ne ko tsaga a kai. Ka riƙe karanshaf da kyau, kuma kada ka bar sifana a kan kusarsa, don iskar tana iya juya inji ta watso maka ita.

Ƙasan inji nan ne ake ɓoye mafi tsadar ɓarna, kuma nan ne mutane suka fi ƙyuyar dubawa, alhali cire kaskon baƙin mai bai wuce aikin rabin awa ba. Da ka sauke shi, shafa yatsa a gindinsa ka kai ga haske. Baƙar laka mai kauri tana nufin ba a taɓa wanke ciki ba. Ƙyalli mai launin tagulla ko azurfa kuwa metal ne yake cinyewa. Duba rariyar famfon mai: in ka ga guntayen gam ɗin silikon sun maƙale a jikinta, an yi ta lafta gam a madadin gasket, kuma waɗannan guntayen su ne ke toshe hanyar mai su kashe inji. Daga nan kwance murfin konrod guda ɗaya, wato sandar da ke haɗa fistin da karanshaf. Fuskar sabon metal toka-toka ce bai ɗaya. In jan tagulla ya leƙo, ya gama aiki. A bayansa akwai hatimin girma. In an ce an wasa karanshaf da 0.25 amma metal ya ce STD, ɗaya daga cikin biyu ƙarya ne. Akwai siririn zaren roba na awo, Plastigage, da ake ɗorawa a kan wuyan karanshaf a ɗaure murfi, a sake kwance shi, faɗin da ya baje ya nuna tazara. A ƙananan injina tazarar takan kasance tsakanin milimita 0.02 da 0.06, amma lambar littafin injinka ita ce abin bi. Mayar da murfin yadda yake fuskanta, ka ɗaure da sifanar auna ɗauri, kuma ka tuna wasu kusoshin masu miƙewa ne, ba a maimaita su.

Mai sayarwar da ya yi aikin ƙwarai ba zai hana ka sauke kasko ba. Wanda ya ce buɗewa tana karya garanti tun kafin ka biya, ka bar masa kayansa.

In sun tayar maka da injin a kan wata mota ko a kan teburi, akwai dabaru uku da aka saba. Na farko, su ɗumama shi kafin ka zo, domin ƙarar fistin da hayaƙin farkon tashi su ɓace. Taɓa bulo da bayan hannu. In da ɗumi, ka ce sai gobe da safe, kuma kai za ka fara murza makulli. Na biyu, mai mai kauri da aka ƙara wa sinadarin da ke sa shi danƙo kamar zuma. Yana danne ƙwanƙwasar metal na ɗan lokaci, sai mai ya yi zafi ya tsinke sannan ta dawo. Zaro sandar awon mai ka ga yadda yake ɗiga, sa'an nan ka bar injin ya yi aƙalla minti ashirin zuwa talatin yana aiki. Kada ka dogara da jar fitilar mai, don ba ta kamawa sai matsin mai ya faɗi ƙasa da kusan rabin bar. Cire na'urar fitilar ka ɗaura ma'auni na gaske a raminta: abin da aka saba bi shi ne kusan bar 0.7 ga kowane juyi 1000 a minti, a kan mai mai zafi. Na uku, maganin toshe yoyo da ake zubawa a lagireto don ya liƙe gasket ɗin da ya ƙone. Yana riƙewa na makonni, yana kuma toshe siraran bututun lagireto da na hita, ka ga an gudu ba a tsira ba. Alamarsa ita ce ɗigo-ɗigo masu ƙyalli ko laka ruwan kasa a wuyan lagireto. Akwai shuɗin ruwan gwaji da ake ɗorawa a wuyan. In hayaƙin ƙonewa yana shiga ruwa, sai ya koma rawaya. Kada dai a buɗe murfin lagireto yana da zafi.

Hayaƙi shuɗi mai ne, fari mai kauri da ba ya yankewa bayan inji ya yi zafi ruwa ne, baƙi kuma fetur ne ya yi yawa. Na ƙarshen yawanci saiti ne, kada a tsorata ka da shi, kada kuma a ce maka na farkon ma saiti ne.

Sai maganar musaya, wadda ita ce ta fi ciwo. Suna cewa a kawo tsohon inji a rage farashi. Musaya ba laifi ba ce, masu gyara na gaskiya ma suna yi. Amma a hannun waɗannan, injinka shi ne hajar mako mai zuwa: a wanke, a fesa, a sayar wa wani. Kai kuma ka rasa injin asali mai lambar da ta dace da takardun motar, wanda ga mai son tsohuwar mota daraja ce da ba a sayo ta. Kada tsohon inji ya bar gidanka sai sabon ya ci gwaji. Ka karanta lambar da aka buga a jikin bulo da idonka. In wurin ya yi sumul da sawun gurza, ko lambobin sun karkace ba su yi layi ba, yana iya zama kayan sata, kuma a hannunka za a same shi. Lambar ce kuma za ta nuna maka ko irin injinka ne. Peugeot 504 tana da XM7 mai cc 1796 da XN1 mai cc 1971, daga waje kamar tagwaye. Haka 4A-FE da 7A-FE na Toyota, ɗaya lita 1.6, ɗaya 1.8. Wanda bai duba ba zai biya kuɗin babba ya ɗauki ƙarami.

Akwai kuma waɗanda ba su da inji ko kaɗan, hotunan wasu suka kwaso. Su ne masu neman kafin alƙalami da gaggawa, wai wani yana hanya da kuɗi, daga baya kuma a ce kuɗin dako, a ce na inshora. Ba a cinikin biri a sama. Nemi kiran bidiyo kai tsaye, ya nuna lambar bulo, ya sa sifana ya juya karanshaf zagaye biyu kana kallo. Sa hoton tallar a manhajar binciken hoto ka ga ko ya taɓa fitowa a wani wuri. Kada ka biya ta hanyar da ba a iya dawo da kuɗi.

Abin da za ka nema a rubuce: lambar injin, jerin kayan da aka canza da girmansu, rasit na inda aka wasa karanshaf da inda aka faɗaɗa silinda, da garantin da ya ambaci ƙarara cewa yana aiki ko da mai mota ne ya ɗaura, kuma yana farawa daga ranar da aka fara tayar da inji.

Wanda ya riga ya saya kuma ya fara zargi, ya daina tayar da injin. Ya ɗauki hoton kowane awo tare da lambar bulo a cikin hoton, ya adana saƙonni da tallar kafin a goge ta, ya ɗebi baƙin man a kwalba mai tsabta. Matatar mai kuma kada a jefar da ita. A yanke gwangwaninta da abin yankan bututu, ba da zarto ba, don garin zarto zai gauraya da abin da ake nema. A warware takardar ciki a rana. Ƙyallin ƙarfen da ya maƙale a lanƙwasarta shi za a nuna wa mai sayarwa, ko hukumar kare masu saye in ya ƙi sauraro.