Rigol DS1054Z wajen auna dattin wutar cajoji da adafta: abin da take iyawa da inda take gazawa

Duk mai gyaran talabijin ko dikoda a Nima da Sabon Zango a birnin Accra ya san wannan ciwon: mita ta nuna 12V cif, amma na'ura sai ta riƙa mutuwa tana tashi. Mita matsakaicin wuta kawai take karantawa. Dattin da ke hawa a kan wutar, wato rawar da take yi da ƙananan tsinin da ke fitowa duk lokacin da taransista ta buɗe ta rufe, sai osiloskop, na'urar da ke zana siffar wuta a allo, ke nuna shi. A kan wannan aiki muka ɗora osiloskop ɗin Rigol DS1054Z.

Kafa huɗu ta shigar da wutar da ake aunawa gare ta, tana kaiwa 50 MHz, allonta inci 7. Tana ɗaukar samfur biliyan 1 a daƙiƙa in kafa ɗaya ke aiki, ya sauka zuwa miliyan 250 in an kunna huɗun. Mafi ƙanƙantar sikelinta 1 mV ne kowane gida na layukan allo, kuma tana da matacin 20 MHz, mai tace duk rawar da ta wuce wannan sauri. Wannan matacin shi ne abin nema, don ƙa'idar ATX ta wutar kwamfuta da shi ake auna ta: kada datti ya wuce 120 mV daga sama zuwa ƙasa a layin 12V, 50 mV a layin 5V da 3.3V.

Yadda muke saita ta ke nan. A sa kafar a AC, don 12V ɗin ya fita daga allo a bar dattin kaɗai. A kunna matacin, wato BW Limit, zuwa 20M. A mayar da tsinken awo, wato sandar da ake taɓa wutar da ita, zuwa 1X, a gaya wa na'urar haka a menu, in ba haka ba lissafi ya ninka goma. A 10X ƙaramin sikeli yana komawa 10 mV, kuma hayaniyar cikin na'urar ita ma ta ninku. Sannan a ɗora wa adaftar kaya. Adaftar da ba ta jan komai ba ta faɗin gaskiya; kwan fitilar mota na 21W yana jan kusan 1.75A a 12V, ya isa.

Inda aka fi ɓata awo shi ne doguwar wayar ƙasan nan mai maƙali kamar bakin kada da ke zuwa da tsinken. Da zarar an maƙala ta, ta zama eriya, tana kwaso abin da taransfomar adaftar ke watsawa a iska, sai allo ya cika da tsini masu ban tsoro waɗanda ba su cikin wutar. A cire ta, a zare hular tsinken, a sa ɗan siririn waya mai lanƙwasa a kan zoben ƙarfen da ke kusa da baki, a dafa kai tsaye a ƙafafun kafasitar ƙarshe. Mai son tabbatarwa ya haɗa bakin tsinke da bakin kadan wuri guda a kan negatif: duk abin da ya gani a allo a lokacin, tsintuwa ce. Ƙa'idar ATX tana ƙara kafasita biyu a wurin awo, 0.1 µF ta siramik da 10 µF, kuma duka ana samunsu a Zongo Lane.

A duba sau biyu. A 5 ms kowane gida, rawa mai 100 Hz za ta fito sau shida a faɗin allo, tunda wutar Gana 50 Hz ce, kuma daidaita ta yana ninka rawar biyu. In ta yi girma, babbar kafasitar 400V ta gaji. A 10 µs kuma ana ganin haƙoran zarto na buɗe-rufe, galibi wajen 65 kHz. In su ne suka kumbura, kafasitocin fita ne zafi ya busar, ko da kansu bai tashi ba. A musanya da masu ƙaramin ESR, wato ƙarancin turjiyar ciki, na 105°C. Kada a sa Average, yana share tsinin da ake nema. Peak ya fi.

Gazawarta a fili take. Bit 8 ce, matakai 256 kacal, don haka in datti ya sauka zuwa mV ɗaya ko biyu, hayaniyarta da ta wutar sun cakuɗe. Ba ta da mashigar 50 Ω. FFT ɗinta, mai rarrabe dattin bisa saurin rawarsa, rarrauna ce, fankarta kuma tana da ƙara. Mai ƙera amfilifaya ta situdiyo ya nemi wadda ta fi ta. Amma ga bencin gyaran caja, dikoda da wutar kwamfuta, inda tambayar ita ce 40 mV ne ko 400, ta wadatar sosai, kuma muna ba da shawarar sayenta.

Abu ɗaya ba ma sassauci a kai. Bakin kadan nan a haɗe yake da ƙafa ta uku ta fulogi, wato ta wayar ƙasa. Wutar 230V in an daidaita ta tana kaiwa kusan 325V a babbar kafasita, kuma negatif ɗin wannan ɓangaren ba ƙasa ba ne. Wanda ya maƙala bakin kada a can zai ga tartsatsi, ya ƙona tsinke ko na'urar. Wanda kuma ya yanke ƙafar fulogin don kauce wa haka, ko yake aiki da soket marar wayar ƙasa kamar yadda ake samu a shaguna da yawa, ya mayar da duk ƙarfen jikin osiloskop ɗin abin kisa. Awon wancan ɓangaren sai da tsinke na musamman mai auna bambanci tsakanin wurare biyu, wanda ba ya zuwa cikin kwalin, sai an saya daban.